Wanda Ya Zauna a Bayan Motar Lawali

Jama'a, ni ban shiga lakol na yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, amma duk Gazawa ku tambaya, ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, kuma ba yanzu zan fara ba da furfura ta gama rufe mani kai. Abin da zan faɗa maku a kaina ya faru, wallahi tallahi, da rana tsaka kuma, idona biyu, bisa kwaltar nan da ta tashi daga garinmu ta ratsa Agiye ta nufi Maraɗi. Shekarun baya ne, cikin kaka, gero ya nuna ana ta yanka, ruwan sama ya ɗauke amma ya bar hanya duk ta tashi tudu da kwari.

Ina da ƙawa, Habsu, Allah ya jiƙanta. Tare muka tashi, tare muka koyi ɗaukar tulu a tsohuwar rijiyar unguwarmu, sai aka kai ta aure Tsibiri cikin Gobirawa, can ta haihu, can ta tsufa, har bakinta ya juye ya koma nasu ina yi mata tsiya. Zuwana na ƙarshe na iske ta kwance, ta kama mani hannu ta ce, "Ƙawa, in na riga ki, ke za ki yi mani wanka, kuma da ruwan rijiyarmu, ko na ɗauraya ne a zuba mani. Amma don Allah kada ki sako mani shi cikin bido, jarkar robar nan, bidon Gazawa kaf fetur suke wari, kar in je kabari kamar babur." Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na ce na ɗauka, in dai ina numfashi.

To, ran nan da hantsi ina tsintar wake sai waya ta yi kuka, aka miƙo mani, Zali ce, babbar ɗiyarta. Ta ce, "Inna, innarmu ta cika." Na yi salati. Ta ce maza sun ce ba za a wuce azahar ba a kai ta, don zafi ya yi yawa, mata kuma sun riga sun ɗora ruwa. Na ce Zali, kada kowa ya taɓa mani ita, ga ni nan tafe. Ta ce za ta riƙe su iya ƙarfinta, amma in yi sauri, don kawunta mutum ne da ba ya jira.

Ban tsaya kuka ba. Na ɗauki sabon tulu na tafi rijiya, na ja guga da hannuna, na cika shi, na kifa ƙoƙo a baki na ɗaure da tsumma. Sai ga tambaya ta tsaya mani: da me zan tafi? Motar tasha kun san halinta, sai ta cika, sai an ɗaure awaki, sai an tsaya kowane ƙauye an yi gardama, da na biye mata ko zaman makoki sai in iske an tashi. Dole na aika a kira mani jikana Lawali.

Lawalin nan magidanci ne da iyalinshi, yana sayar da kayan babura, amma in an zo maganar mota hankalinshi na yara ne. Ya sayi wata 'yar jar mota, ƙarama, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa, tayoyinta kuwa faɗi kamar na babbar mota, kukanta ya fi jikinta. Ƙofa biyu gare ta kacal, ku riƙe wannan, in za ka shiga baya sai an kwantar da kujerar gaba ka sunkuya ka kutsa kamar mai shiga rumbu. Ni dama na sha gaya mashi, motar da ba ta ɗaukar dami ba ta ɗaukar akuya, ta mece ce? Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, wannan ba ta kaya ba ce, ta hanya ce. In ta kama kwalta mai kyau kwanciya take yi." Kullum yana ƙarƙashinta da makanike ana taɓa ƙafafunta, yau a ce shokazoba, wato abin nan da ke shanye girgiza, gobe a ce iskar taya. Ya taɓa yi mani bayani cewa nauyinta duk a gaba yake wajen inji, bayanta ba shi da kome, shi ya sa in hanya ta yi tudu-tudu sai bayan ya riƙa tsalle, don haka yake ajiye buhun gero a but, wurin kaya na baya, ya danne ta. To ranar, matarshi ta sa an sauke buhun an kai niƙa tun da safe, mu kuwa ba mu da lokacin neman wani.

Ya zo ya gan ni da tulu ya riƙe baki. "Amarya, ina za ki da wannan? Ga bido nan mai murfi."

Na ce, "Angon banza, buɗe mani ƙofa. Ni da na yi shekaru ina ɗauko ruwa bisa kai ba gammo, ɗigo bai taɓa zuba ba, a cinya ne zai gagare ni?"

Ya ce, "Kanki ba ya gudu irin na motata."

Kujerar gaba ta yi zurfi, ta matse mutum ta gefe da gefe, tulu ba zai zauna ba, sai na kutsa baya na zauna ta dama, na rungume tulu a cinya, gefen haguna ba kowa ba kome. Ya ce gara ma haka, ko ba ni da nauyin kirki na ɗan danne mashi ita. Muka yi bisimilla muka hau kwalta.

Kai, jama'a! Muna fita gari ya taka ta, na ji bayana ya manne da kujera, itatuwa suka fara gudu da baya. Inda hanya ta yi sumul, gaskiya ne, ba laifi, tana tafiya kamar an ja zare. Amma da muka shiga wajen da damina ta lalata, sai ta fara halinta. Bayan ya yi sama ya dawo, ya yi sama ya dawo, in babbar mota ta wuce mu iskarta ta bugo sai in ji gindin motar ya kaɗa kamar wutsiyar kifi, Lawali ya ƙanƙame sitiyari yana ɗan gyarawa hagu da dama. Ruwa ya riƙa bugun ƙoƙo yana fitowa ta gefen tsumma, zanena ya jiƙe sharaf har ƙafa. In ce ya rage gudu, in tuna azahar. In ce ya ƙara, in ji ruwan Habsu yana bin cinyata. Wani rami da muka faɗa har gindin tulun ya bugi gwiwata ya yi ƙara, na ce shi ke nan ya fashe, Allah ya sa bai fashe ba.

Muna wuce Agiye kaɗan na ce ya tsaya. Ya gangara gindin wani gawo ya kashe mota. Na kwance tsumma na leƙa, ruwa ya sauka ƙasan wuyan tulu sosai, kuma ko rabin hanya ba mu yi ba. Lawali ya fita neman dutse ya sa a but, to ina dutse a ƙasarmu, rairayi ne ko'ina, ga shi ba buhu ba kwano. Yana cikin dube-dube Zali ta sake kira, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce an gama haƙa, kawunta ya leƙo sau biyu, wata tsohuwar maƙwabciya har ta naɗe hannun riga. Na ce ga mu nan kusa, alhali na san ba mu kusa ba.

A nan ne ƙarfina ya ƙare. Ni ba mai kuka gaban yara ba ce, amma na kifa goshi bisa bakin tulu na ce, a fili na faɗa, "Ya Allah, hannuna biyu sun gaza, ka kawo mai kama mani." Iyakar abin da na ce ke nan, ban kira sunan kowa ba.

Lawali ya dawo hannu wofi ya shiga ya rufe ƙofa. Bai kai ga murɗa makulli ba, sai motar ta zauna. Ban san yadda zan faɗa maku ba in ba haka ba. Kun san yadda gado ke yi in babban mutum ya zauna a ɗaya bakin? Haka bayan motar ya yi ƙasa a hankali, ƙarafunan ƙarƙashi suka yi 'yar ƙara, ƙiiii, kujerar da ke haguna ta lotsa har na ji jikina ya ɗan zame ya karkata can. Ƙofa biyu, na gaya maku, duk a rufe, gilashi a rufe.

Lawali ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Kaka," kuma ku sani ba ya ce mani Kaka sai magana ta yi nauyi, "kin matsa ne?"

Na ce, "Ban motsa ba. Ja mu tafi."

Ya tada mota muka hau kwalta, daga nan kuma sai tafiyar ta zama wata iri, har yau in na rufe ido ina jin ta a jikina. Hanyar nan dai ita ce, ramukan suna nan, ina ganin su suna tahowa suna shigewa ƙarƙashinmu, amma sai dai in ji ɗan dum, can nesa, kamar ana daka a wata unguwa, jikin motar ko girgiza. Tayoyin ne kawai ke hawa da sauka suna aikinsu, mu a sama muna zaune kamar cikin ɗaki. Kukan injin ma ya ja baya ya koma kamar kukan zuma. Gonaki suka riƙa zuwa suna wucewa, dammunan gero jingine da juna, mata da masaki bisa kai, wani farin sa tsaye a inuwa yana kallonmu, kome a hankali nake ganin shi filla-filla alhali allurar gudu da ke gaban Lawali ta kwanta can gefe inda ban taɓa ganin ta kai ba. Hasken rana ya yi laushi, ya yi ruwan zuma. Tsoro kuma babu, abin mamakin ke nan, sai wata natsuwa mai kama da barcin bayan ruwan sama.

Tulun ma ya daina yi mani nauyi. Na ji kamar an tallafe shi ta gefen hagu, kamar yadda ake kama wa mutum kaya kafin ya aza. Na sake kwance tsumma na ɗaga ƙoƙo, na rantse da wanda raina ke hannunshi, ruwan nan a kwance yake lumui kamar na cikin randa a ƙuryar ɗaki. Na ga fuskata a ciki, na ga rufin mota. Zuciyata ta ce ɗan karkata shi hagu ki ga wanda ke kusa da ke. Ban karkata ba. Wuyana ma ban juya ba, gabana kawai nake kallo, ƙeyar Lawali tana ta zufa.

Shi kuma yana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba, kamar mai sambatu. "Ta kwanta. Kai, ta kwanta. Sitiyarin ya cika mani hannu. Ba ta taɓa yi mani haka ba." Muka zo wata doguwar kwana wadda ya ce kullum sai ya taka birki kafin ya shige ta don bayan na neman fita, ranar ƙafarshi ba ta je wajen birki ba, motar ta bi kwanar nan ta lanƙwashe da ita kamar ruwa cikin kwalbati, ko jingina ban yi ba. Manyan motoci suka yi ta wuce mu, iskarsu ta bugo ta watse, ko gezau.

Bayan Cadawa ne abin da ya kamata ya kashe mu ya faru. Wata amalanken shanu shaƙe da karan gero ta fito daga gona ta hau kwalta, mai ita yana can baya bai ko duba ba, mu kuma mun riga mun iso. Babu wurin birki. Na ga ƙahon sa, na ga igiyar hancinshi. Lawali ya fizge sitiyari hagu ya fizgo dama, a irin gudun nan, da motar da ɗazu iska kawai ke kaɗa ta. Duk wanda ya san mota da na gaya wa ya ce ai sai dai ku yi ta birgima har cikin gona. Mu kuwa motar ta goce ta dawo layinta a shimfiɗe, ƙafafunta huɗu a ƙasa, kamar an dafa ta da tafin hannu daga sama. Na ji nauyin nan na haguna ya ɗan matsa, ya danna gefen da ke neman tashi, sannan ya koma mazauninshi. Tulu a buɗe yake a cinyata. Ruwan bai ko motsa ba.

Lawali ya ce, "Innalillahi." Ya ci gaba da tuƙi.

Ni a raina na riga na yanke, Habsu ce. Na ce ƙawata ce ta gaji da jira ta taho taryena, dama ita ba ta da haƙuri. Har na sami kaina ina yi mata hira a zuci, ina ce mata kin ga rijiyarmu an yi mata baki da siminti, kin ga tsamiyar nan ta faɗi. Ban san lokacin da muka bar Maraɗi a hannun hagu ba, sai ganin Tsibiri na yi a gabanmu, inuwa ba ta gama shigewa ƙarƙashin bango ba.

Muka tsaya ƙofar gidan, maza zaune bisa tabarmi, makara jingine. Lawali ya kashe mota. Kafin ya kai hannu ga ƙofa, ƙiiii, bayan motar ya tashi sama a hankali, kujerar haguna ta cika ta koma yadda take, tulu ya dawo mani da nauyinshi gaba ɗaya har na yi nishi. Wani dattijo da ke kusa ya bi motar da kallo, ya dubi ƙasa, ya dube mu.

Zali ta fito da gudu ta karɓe ni. Tsohuwar maƙwabciyar nan ta ce, "Awo, ke ta munka yi ta jira? Da kin ƙara kaɗan da kin ishe mun gama." Na ce to ban ƙara ba. Aka ba ni wuri. Na yi wa Habsu wanka da hannuna yadda aka koya mana, da ganyen magarya, na fara da dama, na ɗauraye ta da ruwan rijiyarmu tun daga kai har tafin ƙafa, ya isa har ya yi saura. Na ce mata a kunne, ƙawa, ga shi, ba bido. Alkawari ya cika, alhamdu lillahi.

Amma a wajen wankan nan ne jikina ya yi sanyi. Da na sa hannu zan juya ta, sai na ji ta shafal. Ciwo ya cinye ta, ba ta fi damin kara ba, ni kaɗai tsohuwa na ɗaga ta ba wanda ya kama mani. Na tsaya da ita a hannuna ina tuna yadda motar nan ta nutse gindin gawo. Habsu ko da ƙuruciyarta, ko da goyo a bayanta da tulu a kanta, ba ta kai rabin wannan nauyin ba.

Bayan kwana uku muka juyo gida, motar ta yi ta tsallenta kamar akuya yadda ta saba, a hankali muka taho. Ban gaya wa Lawali abin da na ji a wajen wanka ba, shi ne da kanshi, muna daf da Agiye, ya ce, "Kaka, ƙawar taki mai jiki ce?" Na ce a'a. Ya ce abin da ya ji a sitiyari ya fi ƙarfin ƙato biyu. Daga baya ya kai ta wajen makanike aka duba ƙafafun ba a ga kome ba, ya gwada buhu ɗaya, ya gwada biyu, ya ɗauki abokanshi ya cika baya, ya ce tana dai yin dama-dama, amma irin kwanciyar ranar ba ta sake yi ba. Na tambayi wani malami, ya ce mamaci ba ya yawo, in yi ta istigfari. Ban yi mashi gardama ba, don ni ma yanzu ban ce ita ce ba.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne wata magana da Lawali ya yi rannan muna zaune, ba wasa a fuskarshi. Ya ce, "Ni ba shigarshi ke damuna ba, Kaka, saukarshi. Bai sauka a hanya ba. Sai da muka kai shi har ƙofar gidan, kuma ya riga mu shiga."

To, ku masu motocin gudu, 'ya'yana da jikokina, ga abin da zan ce maku. In kuna tafe wata rana kuka ji motar da kuka san halinta ta yi daɗin da ba ta saba ba, ramuka sun daina taɓa ku, kwana ta daina ja, kada ku ce gwanintarku ce ku ƙara wuta. Ku yi sallama a hankali, ku bar madubi, ku dubi gabanku. In kun isa kuma kada ku yi saurin buɗe ƙofa, ku ɗan dakata tukuna har ku ji bayan ya tashi.